Ekstenshan ɗina mai kariya ne, to me ya sa talabijin ta ƙone?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, ka ce ka sayi ekstenshan wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana kare kaya daga tashin wuta, wato wanda ake ce wa saj furotekta, ka jona talabijin da dikoda a kai, rannan aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai ƙwayayen ɗaki suka yi wani irin haske fau wanda ba ka saba gani ba, kafin ka miƙe ka kai hannu talabijin ta mutu, shi kuma ekstenshan ɗin yana ta warin ƙuna. Kana so ka san yadda abin nan yake aiki, kuma ko dai duk yaudara ce kawai. Allah ya mayar maka da alheri, na san akwai ciwo mutum ya yi iya ƙoƙarinsa ya sayi abin kariya kuma asarar ta zo ta same shi.

Ba yaudara ba ce, in dai na gaske ka saya. Amma yadda ka kwatanta abin, ciwon da ya kama gidanka daban, maganin da ka tanada daban. Wannan kuskuren kusan kowa yana yinsa, kuma ba laifinku ba ne don masu sayarwa ba sa bayani, kwalin ma ba ya bayani. Bari in bi da kai a hankali, zai ɗan yi tsawo amma ka daure.

Wutar da ke soket ɗinka in ƙasarku irin mai bolt 230 ce (su Amurka 120 suke amfani da shi), ba a tsaye take cak a kan 230 ba. Lilo take yi, ta hau ta sauka sau 50 a sakan ɗaya, kuma duk hawa tana kaiwa wajen bolt 325 kafin ta juyo. 230 ɗin nan da muke faɗa kamar matsakaicin ƙarfinta ne na aiki. Ka riƙe 325 ɗin nan a ranka don zai dawo. Toh wani lokaci a kan wannan lilon sai wani abu ya zo ya hau, wuta ta zabura ta kai bolt dubu ɗaya, dubu uku, har dubu shida, amma na ɗan lokacin da ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Ana auna shi ne da maikurosakan, wato ka raba sakan ɗaya gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Irin zaburar da ake gwada na'urorin nan da ita a ɗakin gwaji tana kaiwa ƙololuwa cikin maikurosakan 8, kafin 20 ta sauko rabi, shi ya sa in ka duba jikin wasu za ka ga an rubuta 8/20. Wannan zaburar ita ce saj. Idonka ba zai taɓa ganinta a ƙwan ɗaki ba, ta zo ta wuce tun kafin ƙwan ya san an yi. Kaga ke nan tunda kai har ka ga haske ya ƙaru ka tashi ka nufi soket, abin da ya same ka ya daɗe, ba maikurosakan ba ne. Zan dawo kan wannan.

Daga ina take zuwa? Kowa tsawa yake fara kawowa a ransa, kuma eh ita ce babbarsu, ba ma sai ta faɗo a kan gidanka ba, in ta sauka a kan layin wuta can nesa ko a ƙasa kusa da layin ma ya isa ta tura zabura cikin waya. Amma na yau da kullum a cikin gida ake haifarsu da maƙwabta. Duk abin da ke da mota ko naɗin waya a cikinsa, firiji, iyakwandishan, famfon tura ruwa, injin walda, taransifoma, yana tara ƙarfi a naɗin nan lokacin da yake aiki, da an katse masa wuta farat ɗaya ƙarfin nan sai ya nemi inda zai fita, sai ya koma cikin waya a matsayin zabura. Haka in kamfanin wuta yana kunnawa da kashe manyan makunnansa. Waɗannan ƙanana ne, ba sa kashe kaya nan take, ci suke yi a hankali kamar gara, wata rana caja ko dikoda ta ƙi tashi ka rasa dalili.

Yanzu ka ɗauki ekstenshan ɗin nan naka da ya ƙone, ka tabbatar ka zare shi daga bango, ka kwance shi. In na gaske ne za ka ga wani ɗan faifai kamar kwabo, yawanci shuɗi ko rawaya, da ƙafafu biyu, wani lokaci guda ɗaya wani lokaci uku ko fiye. Shi ne zuciyar abin gaba ɗaya, sunansa MOV, wato metal oksaid baristo. In ka buɗe ba ka ga komai ba sai wayoyi da makunni da ɗan ƙwan ja, toh an sayar maka da ekstenshan zalla an manna masa suna, kuma wallahi na buɗe irinsu ba ɗaya ba ba biyu ba.

Wannan ɗan faifan ina ganin yana cikin abubuwa masu ban sha'awa da aka taɓa ƙerawa a harkar lantarki. Garin zink oksaid ne ake haɗawa da ɗan bismut da kobalt da manganis, a matse shi a gasa shi a wuta mai tsanani har ya zama kamar tangaran. A kamfanin Matsushita na Japan aka gano shi a ƙarshen shekarun 1960, daga baya General Electric na Amurka ya shiga yinsa ya bazu duniya. In ka sa shi a madubin ƙara girma za ka ga ƙwayoyi ne birjik manne da juna, kuma duk inda ƙwaya biyu suka haɗu akwai wata 'yar katanga da ba ta barin wuta ta wuce sai ƙarfin da ke kanta ya kai wajen bolt 3. To ka jera irin katangun nan ɗari da wani abu daga wannan fuska zuwa waccan, ka samu ƙofar da ba ta buɗuwa sai an kai bolt ɗari huɗu da wani abu. Shi ya sa kaurin faifan shi ke faɗin bolt ɗin da zai buɗe, faɗinsa kuma shi ke faɗin yawan wutar da zai iya haɗiyewa. In ka ga an rubuta 14D431K a jikinsa, 14 ɗin faɗinsa ne milimita 14, 431 kuma yana nufin 43 da sifili ɗaya wato bolt 430, nan ne yake fara buɗewa. Ka tuna wutarka ta lafiya iyakarta 325, saboda haka kullum tana zuwa bakin ƙofar ta juya, shi kuma yana zaune shiru kamar babu shi, shekara da shekaru.

Wajen da mutane suka fi ruɗewa shi ne yadda aka jona shi. Ba a kan hanyar wuta yake ba kamar fiyus ko makunni, wutar talabijin ɗinka ba ta cikinsa take bi ba. A gefe yake, ƙafa ɗaya a kan layif, wato wayar da ke kawo wuta, ɗaya a kan nutural, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta, in masu uku ne akwai wani tsakanin layif da wayar ƙasa da wani tsakanin nutural da wayar ƙasa. Wato ba tare wuta yake yi ba, kauda ita yake yi. Ka ɗauki madatsar ruwa, akwai wata hanya da ake yi mata a gefe can sama, ruwa na yau da kullum ba ya kaiwa wajen, amma ranar da ambaliya ta zo ta nan rarar take bi ta fice don kada bangon ya fashe. Da zabura ta zo ta wuce 430, cikin abin da bai kai maikurosakan ɗaya ba katangun nan duk su buɗe, faifan da ɗazu yake kamar busasshen itace ya koma kusan kamar waya, wuta ta kwarara ta cikinsa ta koma inda ta fito, shi kuma ya riƙe bolt ɗin da ke tsakanin ƙafafunsa a wajen 700 in zaburar ƙarama ce, in babba ce ya kai dubu ɗaya ko ya ɗan wuce. Tana wucewa ya rufe ya koma barcinsa.

Za ka ce to bolt dubu ɗaya ai shi ma ya isa ya ƙona talabijin. A'a, na maikurosakan ashirin bai isa ba. Ƙa'idar IEC, wato hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin lantarki, ta tanadi cewa kayan gida da ake jonawa a soket na 230 su iya jure zabura ta bolt 2,500, masu laushin ciki kuma 1,500. Aikin MOV kawai ya sauko da dubu shida zuwa inda kayan za su iya ɗauka da kansu. Sauran dubu biyar ɗin kuma ina suka tafi? A kan waya suka zube. Waya ba ta son a tura mata wuta mai yawa farat ɗaya, tana turjewa, to da MOV ya ja dubban amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya, sai mafi yawan ƙarfin ya ƙare a doguwar wayar da ke tsakanin inda zaburar ta taso da soket ɗinka. Shi MOV abin da ya haɗiya kaɗan ne. Yi lissafin da kanka, gwajin da ake yi musu shi ne bolt 6,000 da amfiya 3,000, in ya riƙe a bolt 1,000 na maikurosakan 20, ka ninka su za ka samu wajen jul 60. Jul 60 shi ne abin da tsohon ƙwan wat 60 yake ci a sakan ɗaya tak. Kaga sirrin ke nan, wutar tana da ban tsoro amma lokacinta gajere ne ƙwarai, shi ya sa abu kamar kwabo yake iya tsayawa a gabanta.

To yanzu ga abin da nake kyautata zaton ya faru a gidanka. Wutar da ke fitowa daga taransifoma layi uku ce da nutural ɗaya, tsakanin kowane layi da nutural 230, amma tsakanin layi da layi 400 ne. In nutural ɗin nan ya tsinke ko ya saki a kan falwaya ko a wajen taransifoma ko a akwatin gida, ko kuma wani ya yi kuskuren haɗi lokacin gyara, sai gidajen da ke kan layuka daban su koma suna raba 400 ɗin nan a tsakaninsu, kuma rabon ba na adalci ba ne, wanda ya kunna kaya masu nauyi shi yake samun kaɗan, wanda ya kunna 'yan ƙwai da talabijin shi ake jibga wa mai yawa, 300, 350, har kusan 400. Ka tambayi maƙwabtanka, in ka ji wani ya ce shi a daren wutarsa dishi-dishi ta yi alhali taka tana neman fasa ƙwai, to magana ta ƙare, nutural ne. Wannan shi ne hai boltej da ake faɗa, kuma yana iya ɗaukar sakanni, mintuna, har sai an zo an gyara.

Dubi abin da zai sami MOV a nan. Wutar 380 ƙololuwarta ta haura 530, ta wuce ƙofar 430, saboda haka zai buɗe a kowane hawa da kowace sauka, sau ɗari a sakan, babu hutu. Faifan milimita 14 zafin da zai iya fitarwa a kai a kai bai kai wat ɗaya ba, yanzu kuma ana ɗura masa abin da ya ninka haka nesa ba kusa ba. Cikin ɗan lokaci ya yi ja ya tsage ya ƙone, warin da ka ji ke nan. Ita kuma talabijin a cikinta akwai babban kafasita da aka yi don bolt 400 ko 450, aka ba shi sama da 500, sai ya kumbura ko ya fashe, wani lokaci ya tafi da fiyus da dayod da taransisto na sashen wuta. Wannan ma labari ne mai ɗan daɗi a gare ka, don sau da yawa ɓarnar a allon wutar take tsayawa, babban allo da gilashin suna nan lafiya. Kar ka yar da ita, kai wa mai gyara ka ce ya fara duba fawa bod, wato allon wutar nan.

Abin da ya fi tayar min da hankali a irin wannan ba talabijin ba ce, gobara ce. MOV da ke ƙonewa a cikin gidan roba a bayan labule ko ƙarƙashin kujera ba abin wasa ba ne, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Shi ya sa masu kyau ake manna wa MOV ɗin fiyus mai jin zafi a jikinsa, da ya ɗau zafi fiye da kima sai fiyus ɗin ya narke ya cire shi daga layi. A Amurka ƙa'idar UL 1449 daga 1998 ta tsaurara gwaji a kan wannan matsalar. Masu arha da ba su bi ta hannun kowace hukumar gwaji ba su ne ake tsallake wannan fiyus ɗin a cikinsu. Don Allah kar ka sake jona wannan da ya yi wari ko da ka ga yana ba da wuta.

Maganin hai boltej daban ne. Akwai 'yar na'ura mai auna bolt a kowane lokaci, da ta ga ya haura iyakar da aka sa mata, misali 260, ko ya faɗi ƙasa sosai, sai ta katse wutar gaba ɗaya, kuma ba za ta mayar ba sai wuta ta daidaita ta jira wani ɗan lokaci. Akwai ta soket irin wadda ake sa wa firiji da talabijin, akwai wadda ake ɗaurawa a akwatin rarraba wuta ta tsare gida duka, ni ita na fi so. Jiran nan da take yi yana da amfani biyu, yana hana kayanka shan hargitsin farkon dawowar wuta, kuma kwamfuresan firiji da iyakwandishan dama yana buƙatar minti uku zuwa biyar kafin a sake tayar da shi. Amma ita ma ba ta iya kama saj, kafin ta farga ta motsa makunninta zaburar ta shiga ta fita sau dubu. Sitabilaiza ma haka, aikinsa ya ɗaga wuta in ta yi ƙasa ya sauke in ta ɗan yi sama, a hankali yake, kuma yana da iyakar da in an wuce shi ma ƙonewa zai yi sai in yana da abin katsewa. Bireka da fiyus kuwa ba ruwansu da bolt sam, yawan wutar da ake ja suke kallo don kada waya ta yi zafi. Kowa da aikinsa, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Wani abu da ba a gaya wa mutane, MOV tsufa yake yi. Duk babbar zaburar da ya haɗiya tana ƙona wasu daga cikin katangun nan, faifan milimita 14 zai iya ɗaukar wajen amfiya 4,500 sau ɗaya, ƙanana kuma sau da yawa, amma kowace tana rage masa kwana. A hankali ƙofarsa tana saukowa, daga 430 ta dawo 400, ta dawo 370, har ta kusanci 325 ɗin nan ya fara yoyo a wutar lafiya, yana ɗumi, ɗumin yana ƙara yoyon, har fiyus ɗinsa ya cire shi. Daga ranar ekstenshan ɗinka ya zama ekstenshan kawai, yana ba da wuta lafiya lau kai kuma kana ganin kana da mai gadi alhali ya daɗe da rasuwa. Wannan ɗan ƙwan kore da ke jikinsa amfaninsa ke nan, in ya mutu kariya ta tafi. Akwai waɗanda aka yi su yadda in MOV ya mutu sai su yanke wutar gaba ɗaya, mutane suna jin haushinsu suna cewa ya lalace da wuri, ni kuwa su nake ba da shawara a saya don ba sa ɓoye maka gaskiya.

Sai maganar wayar ƙasa, wadda masu wayarin suke ce wa at. MOV na tsakanin layif da nutural zai yi aikinsa ko babu ita. Amma zaburar tsawa sau da yawa tana hawa layif da nutural ne tare, duka biyun su tashi sama a kan ƙasa, a nan in babu at mai kyau babu inda za a kauda ita, sai ta nemi hanya da kanta, kuma hanyar tana iya zama ta cikin talabijin ɗinka ta fita ta wayar dish. Gidaje da yawa ramin sama na soket ado ne kawai, ba a jona komai a bayansa ba, ko an jona amma sandar da aka binne ta yi tsatsa ta rabu da wayar. Ka sa mai wayarin ya auna maka da mita, ba da ido ba, kuma tun kafin lokacin hadari, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wayar dish ɗin nan ma bari in tsaya a kanta kaɗan don ita ce ƙofar baya da ake mantawa. Talabijin da dikoda da rauta da kyamarar tsaro duk suna da ƙofa biyu, ta wuta da ta sigina. Ka tsare ta wuta da mai gadi goma, in ta sigina a buɗe take aikin banza ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ke kashe kaya shi ne bambancin bolt tsakanin ƙofofin biyu, saboda haka ana so wayar dish ko eriya ko ta intanet ita ma a haɗa ta da at ɗin gidan, at guda ɗaya ba kowa da nasa ba, ko a bi da ita ta cikin furotekta mai ramin wuta da na sigina a jiki ɗaya. A layin sigina ba a cika sa MOV ba don yana dagula sigina mai sauri. Ana sa wani ɗan bututun tangaran mai iskar gas a ciki, da bolt ya kai iyaka sai tartsatsi ya tashi a cikinsa ya zama hanya, yana ɗaukar wuta mai yawa sosai amma yana ɗan jinkiri, sai a mara masa baya da dayod ɗin TVS wanda ya fi kowa sauri amma ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Irin dayod ɗin nan ƙanana suna nan a bayan ramin USB da HDMI na kayanka ma.

In gidan naka ne ko mai gidan zai yarda, kariyar gaske daga akwatin rarraba wuta take farawa. Ƙa'idar IEC 61643 ta kasa su uku. Nau'i na 1 a mashigar wuta ake sa shi, musamman ginin da ke da sandar kama tsawa, gwajinsa ma daban ne, 10/350, zabura mai dogon wutsiya irin ta tsawar da ta sauka kai tsaye. Nau'i na 2 shi ne na akwatin gida, kamar bireka yake, yawanci za ka ga 20kA da 40kA, wato amfiya dubu 20 da dubu 40, a jikinsa da 'yar taga kore da ke komawa ja in ya mutu. Nau'i na 3 shi ne irin naka na soket, wanda aka yi shi don ya share ragowar da manyan suka bari, ba don ya tsaya shi kaɗai ba. Ƙasashe sun fara mayar da abin doka, dokar wayarin ta Amurka ta 2020 ta wajabta shi a mashigar wutar gidajen zama, ta Ingila ma tun bugun 2018 ta ƙarfafa shi. Amma ka sa ido wajen ɗaurawa, nan ne na ga ana ɓata aiki mai kyau. Na taɓa zuwa wani gini an sayi mai tsada an ɗaura, amma an ja masa wayar at ta kusan mita biyu har da naɗe rarar kamar gammo don ta yi kyau a ido. Ka tuna na ce waya tana turjewa wuta mai sauri, kowace mita ɗaya tana iya ƙara wajen bolt dubu a kan abin da na'urar ta riƙe, naɗin kuma ya ƙara ta'azzara abin. Ƙa'ida ita ce wayar shiga da ta fita zuwa at in an haɗa kada su wuce rabin mita, a miƙe, ba lanƙwasa. In kana da sola, layin da ke saukowa daga faranti zuwa inbata yana son nasa daban wanda aka yi don wutar DC, kar a sa masa na wutar gida, tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa.

Wajen saye kar lambar jul ta ɗauke maka hankali. Za ka ga an rubuta jul 2,000 ko 4,000 da manyan baƙi, sau da yawa tara na duk MOV ɗin da ke ciki aka yi aka haɗa alhali ba duka ne suke aiki a zabura ɗaya ba, kuma kowane kamfani da yadda yake lissafinsa. Babbar lamba tana nuna zai fi daɗewa, shi ke nan. Abin da za ka nema shi ne bolt ɗin da yake bari ya wuce, a na ƙasashen 230 ana rubuta shi Up, 1.5kV wato bolt 1,500 ko ƙasa da haka, a na Amurka kuma VPR, 330 ko 400. Sai Uc, wato wutar da zai iya zama a kanta kullum ba tare da ya fara yoyo ba, 275 aka fi sa wa, amma in wutarku mai yawan hawa ce 320 zai fi yi maka kwana. Na 120 kuma da wani ya kawo maka tsaraba kar ka kuskura ka soka shi a 230, nan take zai tashi. Kuma kar ka jona ekstenshan a kan ekstenshan, kar ka ɗora masa hita ko dutsen guga ko abin dafa ruwa, wannan zafin waya ne ba ruwan MOV da shi.

Tsawar da ta sauka kai tsaye a kan gida ko a kan wayar da ke shiga gidan kuwa, matsakaiciyarta tana ɗauke da wajen amfiya 30,000, manya suna haura 100,000, abin da ya keto kilomitoci na iska ba ɗan faifan soket ne zai tsayar da shi ba, kuma ɗan ratar da ke cikin makunni ma tsallake shi take yi, kashe suwic bai wadatar ba. In hadari ya haɗo ka ji rugugi yana matsowa, zare fulogin daga bango ka kwance wayar dish daga bayan dikoda, amma tun yana nesa, in ya riga ya iso kanku ka bar wayoyin kar ka taɓa.

Kafin ka jona talabijin ɗin bayan gyara, ka sa a duba nutural tun daga mita har akwati a ɗaure duk inda ya saki, in daga waje ne ku haɗu da maƙwabta ku kai ƙorafi a gyara, don in ba a gyara ba zai sake dawowa. In ka buɗe ekstenshan ɗin ka rubuto min lambar da ke jikin faifan, da ko akwai wani ɗan abu fari ko mai ruwan azurfa manne da shi, daga nan zan gaya maka ko irinsa ya cancanci ka sake saye.